Sankarar Ɓargo Da Yadda Muke Rubuta Cuta A Labaranmu



A cikin wata biyun nan an turo mini labarai huɗu in duba, uku daga ciki akwai mai "kansar jini". Duka ukun hanyarsu ɗaya: jaruma ta yanke jiki ta faɗi, jini ya zubo ta hanci, likita ya cire tabarau ya girgiza kai. Daga nan Alhaji ya yanki tikitin Indiya ko Misira, bayan shafi biyu ta dawo garau har ta fi da kyau. In kuwa marubuciya ta gaji da kishiyar labarin ne, sai ta ɗora mata cutar ta mutu cikin mako guda. Ba zan wanke kaina ba, ni ma a labarina na farko haka na yi. Ra'ayina yau shi ne wannan ragwanci ne, kuma yana cutar da mai karatu.

Da farko, sankarar jini ba cuta ɗaya ba ce. Akwai lukimiya, akwai limfoma, akwai mayaloma, kowacce kuma da rassanta. Wani nau'in lukimiya na yara, a ƙasashen da ke da kayan aiki, kusan tara cikin goma suna warkewa. Wani nau'in na manya kuma tun 2001 ake riƙe shi da ƙwaya mai suna Glivec, mutum ya yi shekaru yana harkokinsa. To wacce ce ta kama jarumarki?

Zan tsaya a kan mayaloma, wadda likitoci ke kira maltiful mayaloma, mu kuma za mu iya ce mata sankarar ɓargo. Na zaɓe ta ne domin ita ta kama ƙanin mahaifina, kuma babu abin da ya yi kama da littattafanmu a cikin jinyarsa.

A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi da ake kira filasma, aikinsu haɗa sinadaran da garkuwar jiki ke yaƙar cuta da su. A mayaloma, ƙwaya ɗaya ce ke lalacewa ta yi ta hayayyafa, 'ya'yanta su cika ɓargon. Sai jini ya yi ƙaranci, mutum ya riƙa gajiya. Suna kuma zaizaye ƙashi daga ciki har ya yi ramuka, abin da ke kawo ciwon baya mai naci, wani lokaci ƙashi ya karye ba tare da an faɗi ba. Sinadarin kalsiyam da ke fita daga ƙashin ya taru a jini, ga ƙishirwa ga taurin bayan gida ga ruɗewa. Sannan gurɓataccen furotin da ƙwayoyin ke zubarwa ya toshe ƙoda. Wannan furotin tun a shekarun 1840 wani likita a Landan, Henry Bence Jones, ya bayyana shi a fitsarin wani majinyaci, har yau da sunansa ake kiransa.

Ku dubi waɗannan alamomi da idon mutumin gida. Dattijo ɗan shekara sittin yana kukan ciwon baya, me za a ce? Tsufa ne, ko sanyin ƙashi. Kawu ya fi wata takwas tsakanin kemis da mai ɗori. Magungunan kashe zafin da yake saya, irin su dikilofenak da ibufurofen, daga baya muka ji suna cikin abin da ke ƙara raunata ƙodar mai wannan cuta. Da ƙashin hannunsa ya karye yana ɗaukar buhu, wasu a gidan suka fara maganar jifa. Sai da aka yi gwajin jini da fitsari, aka ɗauki hoton ƙashi, aka tsotso ɓargo daga ƙugunsa da allura, sannan cutar ta samu suna. Wata takwas ɗin nan kaɗai littafi ne guda, amma mu a layi ɗaya muke tsallake su.

Abu na biyu da ke rusa tsarinmu: mayaloma galibi ba a warkewa daga ita gaba ɗaya, amma kuma ba hukuncin mutuwa cikin mako ba ce. Ana danne ta ta kwanta, ta sake tashi, a sauya magani. A shekarun 1960 abin da ake da shi melfalan ne da firednisolon da danginsa. A 2003 Amurka ta amince da Velcade, a 2015 daratumumab ya zo, a 2021 aka fara wani salo da ake ɗebo ƙwayoyin garkuwar majinyaci a gyara su a ɗakin gwaji a mayar masa su farauci cutar. Akwai kuma dashen ɓargo, wanda a mayaloma yawanci ƙwayoyin mutum na kansa ake adanawa a mayar masa bayan magani mai ƙarfi. Don haka wancan fagen da muke so, na ƙanwa ta sadaukar da ɓargonta ana kuka, ba shi ne aka saba yi a wannan cuta ba. Da waɗannan magunguna, a Amurka fiye da rabin masu cutar suna wuce shekara biyar. A can ma an gano baƙaƙen fata sun ninka farare kamuwa da ita. Colin Powell, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, yana ɗauke da ita lokacin da korona ta yi ajalinsa a 2021.

Maganin da ya fi ba ni mamaki shi ne talidomaid. A ƙarshen shekarun 1950 ana sayar da shi a Jamus da wasu ƙasashe, masu ciki na sha don laulayi. Jarirai sama da dubu goma aka haifa da naƙasa, wasu ba hannu wasu ba ƙafa, aka janye shi a 1961. Sai ga shi a 1999 likitoci a jihar Arkansas sun nuna yana danne mayaloma. Har yau wanda ke shansa, mace ko namiji, dole ya kauce wa samun ciki. Ku yi tunanin magidancin da ya yi amarya bara, dangi na jiran haihuwa, shi kuma ya ɓoye wa kowa dalili. Wane boka za ku ƙirƙiro da zai ba ku rikicin da ya kai wannan?

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita a taronmu: ai ƙagaggen labari ne, ba littafin likitanci ba. Gaskiya ne, ni ma difloma gare ni, ba a fannin lafiya ba. Amma matar da ke karanta littafinki a WhatsApp da daddare, wataƙila ba ta taɓa jin bayanin sankarar jini daga bakin likita ba, daga gare ki ta ji. In kin koya mata alamarta haɓo ne da suma, ranar da mahaifinta ya yi wata shida da ciwon baya yana ramewa ba za ta yi zargin komai ba. In kin koya mata maganinta sai mai kuɗin jirgi, tana jin sunan cutar za ta kai shi gida a jira lokaci, alhali asibitocin koyarwarmu suna da sashen cututtukan jini, ana gwajin kuma ana ba da wasu magungunan, duk da tsadarsu. Muna iya kwana uku muna binciken sunan mota da turaren da jarumi zai sa. Cutar da za ta kashe shi ba ta cancanci yini ɗaya ba?

Kawu ya yi shekara uku da 'yan watanni bayan an gano cutar. A cikinsu ya aurar da 'yarsa, ya sayar da gona ɗaya, ya yi faɗa da yayansa a kan kuɗin allura suka shirya. Allah ya jiƙansa. Na koma kan labarina na farko ina gyara shi, na cire tikitin jirgin, yanzu babi na farko a gaban kantin kemis yake buɗewa.