Tarar Da Aka Ci Kamfanin Meta: Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

Ran 19 ga watan Yuli na shekarar 2024 ne Hukumar Kula da Gasar Ciniki da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, watau FCCPC, ta ba da sanarwar cewa ta ci kamfanin Meta na ƙasar Amurka tarar dala miliyan 220. Wannan kamfani shi ne mai Facebook da Instagram da WhatsApp, waɗanda a yau da wuya a sami gida a biranen ƙasar nan da babu mai amfani da ɗaya daga cikinsu. Laifin da hukumar ta ce ta same shi da shi, a taƙaice, shi ne ɗibar bayanan 'yan Nijeriya da rarraba su ba da yardarsu ba, da kuma hana su zaɓin da ya ba mutanen waɗansu ƙasashe. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, amma ran 25 ga Afrilu, 2025, kotun musamman mai sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da hukuncin, ta kuma ƙara masa dala 35,000 na kuɗin bincike.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan hukunci a kan nasara ce, kuma lalle nasara ce. To, amma kafin a rangaɗa guɗa, ya kamata a dubi asalin maganar, a kuma auna ko tara ita kaɗai za ta iya rufa wa jama'a asirinsu.

A shekarar 2014 ne Facebook ya sayi WhatsApp a kan kuɗi kimanin dala miliyan dubu 19. A lokacin ya shaida wa hukumomin Tarayyar Turai cewa ba shi da tabbatacciyar hanyar haɗa lambar wayar mutum da shafinsa na Facebook. Bayan shekara biyu, a 2016, sai ga shi ya fara haɗa su, abin da ya sa Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro miliyan 110 a 2017 saboda bayanin da ya ɓatar da ita. Duk da haka, a 2016 an ba tsofaffin masu amfani da WhatsApp kwana 30 su ƙi yarda a yi amfani da bayanansu wajen talla. A watan Janairu na 2021 kuwa sai aka fito da sababbin sharuɗɗa, aka ce ko mutum ya karɓa ko ya rasa WhatsApp. Dokar kare bayanai ta Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayu na 2018, ta sa an yi wa Turawa sharuɗɗa dabam. Wannan bambanci na cikin abubuwan da suka sa hukumar FCCPC ta fara bincike a watan Mayu na 2021. Ƙasar Indiya ma ta ci kamfanin tarar kimanin dala miliyan 25 a watan Nuwamba na 2024 a kan waɗannan sharuɗɗa.

Kamfanin yana kare kansa da cewa tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya, ba mai iya karanta su sai wanda ya aika da wanda aka aika wa. Wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ke cikin wasiƙa dabam, abin da ke bayan ambulan dabam. Kamfanin yana sanin lambar mutum, da lambobin da ke cikin wayarsa idan ya ba da izini, da irin wayar da yake riƙe da ita, da lokacin da yake buɗe ta, da yankin da yake. A Facebook da Instagram kuwa har abin da mutum ya tsaya ya kalla ana lissafawa. Wanda ya san gidajen da mutum ke zuwa da lokacin da yake zuwa, ai ya san rabin sirrinsa ko da bai ji abin da aka faɗa a zaure ba.

Dalilin wannan tattare-tattare ba ɓoyayye ba ne, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. A shekarar 2024 kamfanin Meta ya sami kuɗin shiga fiye da dala miliyan dubu 164, kuma fiye da kashi 97 cikin 100 daga talla suka fito. Masu talla suna biya ne domin kamfanin ya san wanda za a nuna wa kayansu. Idan aka raba wannan kuɗi a kan kwanakin shekara, za a ga cewa tarar da Nijeriya ta yanka ba ta wuce cinikin rabin yini ba.

Har ila yau, haɗarin bai tsaya ga tallar atamfa da takalma ba. A 2018 aka gano cewa wani kamfanin Ingila mai suna Cambridge Analytica ya sami bayanan mutane har miliyan 87 daga Facebook domin aikin siyasa, abin da ya ja wa Facebook tarar dala miliyan dubu 5 a Amurka a 2019. Jaridun Ingila sun kuma ba da labarin cewa wani attajiri ya ɗauki wannan kamfani haya lokacin yaƙin neman zaɓen 2015 a Nijeriya, domin ɓata sunan Janar Muhammadu Buhari. Watau masu wannan sana'a sun riga sun san hanyar ƙasar nan.

Abin da ya faru da kamfanin Apple ya isa darasi. A watan Afrilu na 2021 ya sa wayoyinsa su riƙa tambayar mai waya ko ya yarda wata manhaja ta bi sawunsa zuwa waɗansu wurare a intanet. Yawancin mutane suka ce ba su yarda ba. A farkon 2022 shugabannin Meta da bakinsu suka ce wannan tambaya guda za ta ja musu hasarar kimanin dala miliyan dubu 10 a shekarar, watau ninkin tarar Nijeriya fiye da sau 40. Ashe abin da ke girgiza waɗannan kamfanoni shi ne a ba mutum damar cewa a'a.

Saboda haka muhimmin abu a hukuncin FCCPC shi ne umurnin da ya biyo bayan tarar, cewa kamfanin ya daina miƙa bayanan masu WhatsApp ga sauran kamfanoninsa har sai sun yarda da kansu, ya kuma mayar musu da ikon zaɓi irin na 2016. A 2025 kamfanin ya faɗa a takardun kotu cewa mai yiwuwa ya rufe Facebook da Instagram a Nijeriya. A wannan shekara kuma Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa ta ci shi wata tarar ta dala miliyan 32.8, amma kafin shekarar ta ƙare aka yi sulhu a wajen kotu. Sulhu alheri ne, muddin bai zama hanyar yafe haƙƙin jama'a ba.

Doka dai tana nan. Sashi na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin ɗan ƙasa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta tarho. Dokar Kare Bayanai wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ba kowa ikon sanin abin da aka tara a kansa, da neman a gyara ko a share, da janye yardarsa. Amma haƙƙin da mai shi bai sani ba kamar babu shi ne. Mutane da yawa a wurin mai sayar da waya ake buɗe musu shafi, shi ne kuma ke danna musu amincewa da sharuɗɗan da shi kansa bai karanta ba. Wajibi ne hukumomin biyu su kai wannan bayani gidajen rediyo cikin Hausa da sauran harsunan ƙasar nan.

Mai waya ma yana da nasa aikin. Yana iya hana manhaja sanin inda yake da ganin lambobinsa da hotunansa, ya kuma guji aika hoton katin shaidarsa ko na banki barkatai, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Akwai kuma Signal, wadda wata ƙungiya da ba ta neman riba ke gudanarwa. Sai dai mai ɗinki ko mai sayar da turare da duk abokan cinikinta ke WhatsApp ba za ta iya ƙaura ita kaɗai ba. Shi ya sa nauyin ya koma kan Gwamnatin Tarayya. Abin da jama'a ke jira shi ne hukumomin su fito fili su bayyana ko kamfanin ya bi umurnin da aka ba shi, da kuma ranar da ɗan Nijeriya zai ga an tambaye shi a fuskar wayarsa, ya ƙi yarda, ba tare da an kore shi ba.