Manchester: Tsadar rayuwa da al'adun da ke jiran baƙo

Tun daga watan Nuwamban 2025, duk ɗalibin da ke neman bizar karatu a wani birni na Birtaniya da ba London ba, sai ya nuna yana da fam 1,171 na kowane wata har tsawon watanni tara, ban da kuɗin makaranta. A 2024 fam 1,023 ne. Akwai kuma harajin kula da lafiya, wanda aka ɗaga zuwa fam 776 a shekara a cikin 2024.

To sai dai wanda ya sauka a Manchester, birnin da ke jawo ɗimbin ɗalibai daga Nijeriya, ba ya daɗewa yake gane cewa wannan adadi na shiga ƙasa ne kawai. Hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin ɗari a watan Oktoban 2022, kuma ko da yake ta lafa, farashin bai koma yadda yake ba. A gida kuma darajar naira ta zube bayan sauyin da gwamnati ta yi a watan Yunin 2023, har fam guda ya haura naira 2,000 a cikin 2024.

Haya ce ke cinye mafi yawan kuɗin. Doka ta 2019 ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar mako biyar, amma kusan kowa sai ya nemi wani mazaunin ƙasar da zai tsaya wa baƙo. Waɗanda ba su da mai tsaya musu sun sha biyan hayar wata shida a dunƙule. Sabuwar dokar haya ta 2025 ta tanadi taƙaita wannan zuwa wata guda, abin da bisa ga dukkan alamu zai ƙara sa masu gidaje su dage kan mai tsayawar. Ga shi kuma ɗalibi ba shi da izinin aiki fiye da sa'o'i 20 a mako lokacin karatu.

A nan ne batun kuɗi ke haɗuwa da na al'ada. Bahaushe ya taso yana jin cewa baƙonka annabinka, don haka abin kan yi masa ciwo idan ɗan garinsu ya ce ba zai iya saukar da shi fiye da 'yan kwanaki ba. Sau da yawa ba rowa ba ce: yarjejeniyar haya kan ƙayyade waɗanda za su zauna a gida, kuma ƙarin mutum guda ƙarin kuɗin wuta da gas ne, musamman a lokacin hunturu. Haka nan idan abokin karatu ya ce a je a ci abinci, galibi kowa shi zai biya nasa. Ziyara kuwa ba a yin ta sai an yi waya tukuna, ko da maƙwabci ne.

Wasu al'adun ba sa cin ko kwabo, amma ana lura da su ƙwarai. Tsallake layi babban abin kunya ne. Fasinja kan yi wa direban bas godiya idan zai sauka. Malamin jami'a mai furfura kan so a kira shi da sunansa na yanka, abin da ke yi wa yaron da ya saba da "ranka ya daɗe" nauyi a baki. Hayaniya bayan ƙarfe 11 na dare kuwa tana iya kai ƙara gaban ƙaramar hukuma.

Duk da haka birnin na da nasa sauƙin. Ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biyan harajin gida na ƙaramar hukuma, muddin ya gabatar da shaidar makarantarsa. Lokacin da kuɗin bas ya koma fam uku a yawancin Ingila a farkon 2025, magajin garin Andy Burnham ya bar na Manchester a fam biyu. Naman halal kuma ba ya wuyar samu a titin Wilmslow da ke unguwar Rusholme, inda daga nan zuwa babban masallacin Victoria Park tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa.