Wai Na Yi Sanyi: Bob Mould da Mu Tsofaffin Kwamared

Jama'a a yi haƙuri, rubutun yau da ɗan tsawo. Wanda yake sauri ya ajiye sai dare.

Ranar Talata bayan la'asar ina fitowa daga masallacin makaranta, wani ƙanenmu ɗan aji uku ya tare ni. Yaron kirki ne wallahi, mukan haɗu wajen mai shayi a Sabo. Ya ce bai gan ni ba a taron da suka yi kan ƙarin kuɗin hostel. Na ce ina da ganawa da sufabaiza. Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya Kwamared, ka yi sanyi fa. Ko dai an ba ka ka ci ne?" Da wasa ya faɗa, muka yi dariya muka rabu. Amma maganar ta biyo ni har ɗaki, ta hana ni buɗe babi na uku.

Waɗanda suka san ni lokacin digirin farko sun san abin da yaron yake nufi. Ni ne mai riƙe lasifika. Akwai zanga-zangar da muryata ta dishe kwana uku ba na iya amsa sallama. Yanzu kuwa daga laburare sai ɗaki, daga ɗaki sai ofishin sufabaiza.

Abokin ɗakina Bayarabe ne, yana mastas ɗinsa a kimiyya, kuma Allah Ya jarrabe shi da son kiɗan Turawa na shekarun 1980. Da na ba shi labari bai ce komai ba, sai ya jawo sipikarsa ya kunna mini wani abu. Kai! Na zaci janareto ne ya kama da wuta. Jita tana ƙara kamar ana yanka kwano, mai ganga kamar ana bin sa da gudu, wani kuma yana ihu ba ka jin ko kalma ɗaya. Na ce ya kashe don Allah. Ya kashe, ya kunna wani. Wannan karon jita ce ta katako, babu lantarki, ana taɓa ta a hankali, ba murya ma, irin abin da za ka ji da asuba ka yi shiru. Ya ce mini mutum ɗaya ne ya yi duka biyun, shekara takwas ce kawai a tsakani.

Kafin wani ya shigo da zancen hukuncin kiɗa, na ji ku, ba fatawa na zo bayarwa ba. Labarin mutumin ne ya tsaya mini.

Sunansa Bob Mould, Ba'amurke, an haife shi a 1960. Ɗalibi ne a wata kwaleji mai suna Macalester a birnin St. Paul na jihar Minesota lokacin da suka kafa ƙungiyarsu a 1979, su uku: shi da jita, Grant Hart da ganga, Greg Norton da jitar nan mai kaurin sauti. Suka sa mata suna Hüsker Dü. Kiɗan da suke yi shi ake kira punk, kuma ɓangarensa mafi zafi. Kiɗan samari ne masu fushi da gwamnati, da iyaye, da manyan kamfanonin waƙa, da komai ma. Ƙa'idarsa ita ce sauri da ƙara, kuma kada ka jira kowa ya ba ka izini. Abin da abokina ya fara kunna mini faifansu na farko ne, Land Speed Record, wanda aka naɗa a wajen wasa a 1981: waƙa 17 cikin minti 26. Ku yi lissafi da kanku.

Sun yi suna ƙwarai, musamman da faifan Zen Arcade na 1984. Daga nan abubuwa suka fara lalacewa ta ciki. Gaba ta shiga tsakanin Mould da Hart, su biyun da ke rubuta waƙoƙin. Ga matsalar ƙwaya. A 1987 manajansu ya kashe kansa ana shirin fita rangadi. Ba a daɗe ba ƙungiyar ta watse. Mould, wanda ya riga ya daina shan barasa kafin nan, ya tattara ya koma wani gidan gona kusa da garin Pine City, ya zauna yana rubutu. A 1989 ya fito da faifansa na farko shi kaɗai, Workbook. Jitar katako, da wani babban goge na Turawa da ake kira cello, wanda ake kafa shi a ƙasa tsakanin gwiwoyi, wata mata Jane Scarpantoni ke goga shi. Salon ya jingina da waƙar gargajiyar Turawa, irin ta mutum ɗaya da abin kiɗansa yana ba da labari. Ana yawan haɗa faifan da wani Baturen Ingila, Richard Thompson, wanda Mould ya riƙa rera wata waƙarsa a wasanninsa na lokacin. Thompson ɗin nan ma ya musulunta tun shekarun 1970, ga masu son irin wannan labari.

Yana da shekara 28 lokacin da Workbook ya fito. Shekaruna ke nan cif. Shi ya sa na zauna na saurari faifan har ƙarshe, da kalmomin a buɗe a wayata.

Ga abin da na fahimta, kuma shi ne ra'ayina: ƙara kayan aiki ce, ba shaidar gaskiya ba ce. Mun taso a makaranta muna auna mutum da ƙarfin muryarsa. Wanda ya fi ihu shi ya fi kishi. To amma ihu yana da wata fa'ida da ba ma faɗa: yana rufa asiri. A faifan nan na 1981, ko Mould ya faɗi shirme ba wanda zai gane, ƙarar ta lulluɓe shi. Da ya cire lantarki ya zauna da jitar katako, kowace kalma ta fito tsirara. In ta yi rauni kowa zai ji. Mu da muka tashi da waƙoƙin marigayi Ɗan Maraya Jos mun san wannan. Mutum ɗaya da kuntigi, ba 'yan amshi, ba inda za ka ɓuya. In ba ka da magana, sai a gane tun baiti na biyu.

Sannan akwai bambancin "mu" da "ni". A bakin get, duk abin da na faɗa da "mu" nake faɗinsa: mu ɗalibai, mu talakawa, an zalunce mu. Laifi kullum na wani ne, kuma sau da yawa na wanin ne da gaske. Amma shekara huɗu ina riƙe lasifika ban taɓa tsayawa na ce "ni" ba. Ban taɓa tambayar kaina nawa ne a cikin fushin nan na kishi, nawa ne na son a tafa mini ba. Ban taɓa komawa na tambayi yaron da aka dakatar saboda zanga-zangar da na kira yadda ya ƙare ba. Ni na gama na fita da takardata. A Workbook akwai waƙa mai suna Poison Years, wato shekarun guba. Mutumin yana waiwayen abin da ya wuce, da ɗacinsa da komai, kuma ba ka jin kamar yana neman tafi. Wannan ya fi ihu wuya, ko ku yarda ko kada ku yarda. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban malamai biyar yana kare furofozal, ba lasifika, ba 'yan "aluta" a bayansa, wani farfesa ya ce masa "ina hujjarka?", ya san wane tsayuwa ce ta fi sa gwiwa rawa.

Amma fa kada mu tsofaffin kwamared mu ɗauki wannan mu yi bargo da shi. Ƙanen nan nawa ba mahaukaci ba ne. Tambayarsa tana da tushe, domin ya ga abin da ya gani. Mun san waɗanda suka fi mu ihu jiya, yau suna riƙe wa ɗan siyasa jaka, an ba su mataimaki na musamman a kan abin da ba su san sunansa ba, kuma in ka yi magana su ce maka "ai mun girma". Shi ma Mould zargin kuɗi bai bar shi ba. Tun 1986 Hüsker Dü ta bar ƙaramin kamfaninta ta koma Warner, abin da masu tsattsauran ra'ayin punk suke ɗauka kamar ridda. Workbook kuma kamfanin Virgin ne ya fitar da shi. Saboda haka wanda ya ce "ya sassauta ne don ya sayar" ba daga sama ya ɗauko maganar ba.

To ta yaya za a bambance wanda ya nutsu da wanda aka saya? Ni dai abin da nake dubawa shi ne: shirun nasa me ya ci masa, kuma da abin ya sake tasowa, yana da sauran murya? Wanda aka saya, shirunsa riba yake kawo masa, kuma ba ya sake buɗe baki har abada sai dai yabo. Mould kuwa ya ɗauki kasadar ɓata wa mutanen da suka ɗaga shi rai, ya ba su goge a inda suke jiran tsawa. Kuma bai zauna a nan ba. Waƙar ƙarshe ta Workbook ɗin kanta ƙara ce zalla. A 1990 ya fitar da Black Sheets of Rain, mai nauyi da duhu. A 1992 ya kafa sabuwar ƙungiya, Sugar, suka yi Copper Blue da jitar lantarki a buɗe, mujallar NME ta Ingila ta zaɓe shi faifan shekara. Ƙarar ta dawo, sai dai yanzu ana jin abin da yake faɗa a cikinta.

Nan ne kwatancen ya juyo ya cije ni. Bahaushe ya ce shiru-shiru ba tsoro ba ne. Wani lokaci tsoro ne mana. Ganawar da na ce ina da ita ranar taron gaskiya ce, amma ƙarfe goma aka gama ta, taron kuma ƙarfe biyu ne. Ban je ba ne saboda ba na son a ga fuskata a bidiyo alhali kundina yana teburin mutane. Yajin aikin wata takwas na 2022 ya riga ya cinye mana lokaci, mahaifiyata kullum tambayarta yaushe zan gama, kuma kuɗin hayar da zan biya in aka ƙara mini zango ba ni da su. Dalilai ne na gaske, ba na jin kunyarsu. Amma sunansu tsoro, ba nutsuwa ba, kuma ba zan ari labarin wani Ba'amurke na yi musu kwalliya da shi ba. Shi da ya koma gona ya fito da faifai. Ni da na koma laburare, me na fito da shi wanda zai amfani yaran nan?

Ga ƙannenmu kuma, ku ci gaba da ihunku, ana buƙatarsa. Ba don ihun ba, ba wanda zai buɗe ƙofar ofis tun farko. Amma in ƙofar ta buɗu aka ce wakilai uku su shigo, a ciki ba a jin waƙar aluta. Za a tambaye ku nawa aka ƙara, a kan me, ɗalibai nawa abin ya shafa, me dokar makaranta ta ce. Mu a zamaninmu nan muke faɗuwa, mu shiga da zafi mu fito da alkawarin "za a duba".

Jiya na kira yaron. Na ce ba zan riƙe lasifika ba, wannan kam ya wuce, amma ya kawo mini rasit ɗin hostel na shekara uku da takardar sanarwar ƙarin, mu zauna mu rubuta ƙorafin da lissafi, kuma sunana zai shiga cikin masu sa hannu. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Da lambar rajistarka, Yaya?" Na ce da ita. Ban yi barci sosai ba daren jiya, ba zan ɓoye muku ba. Ranar Alhamis bayan magariba za mu haɗu a ɗakina. 'Yan PG da suke da tsofaffin rasit su yi mini magana ta inbox.