Waiwaye: Lambobi Uku da Suka Ƙuntata wa Jami'o'in Afirka

A 1994 wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Girka da ke aiki a Bankin Duniya, George Psacharopoulos, ya wallafa wani jadawali da ke nuna ribar da al'umma ke samu idan ta zuba kuɗi a ilimi. A layin ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, lambobi uku ne suka fito: kusan kashi 24 cikin ɗari ga firamare, kashi 18 ga sakandare, kashi 11 ga jami'a. Ba wannan ne karonsa na farko ba. Tun 1973 yake tattara irin wannan lissafi, yana sabunta shi lokaci-lokaci, kuma saƙon bai taɓa sauyawa ba: ƙasa matalauciya ta fi cin riba idan ta sa kuɗinta a firamare, jami'a kuwa tsada gare ta, kuma 'ya'yan masu hali ne suka fi morar ta.

Akwai fage na musamman da aikinsa shi ne nazarin ita kanta jami'a: yadda ake tafiyar da ita, wa ke shiga, wa ke biya, me ake koyarwa. Idan aka tambayi masanan wannan fage su ambaci manyansu, sunayen da za su fara kawowa sanannu ne. Martin Trow, wanda a 1973 ya raba tsarin jami'o'i gida uku gwargwadon yawan matasan da ke samun shiga: ƙasa da kashi 15 na 'yan gata ne, daga 15 zuwa 50 na jama'a ne, abin da ya haura 50 ya zama na kowa. Burton Clark, wanda a 1983 ya nuna cewa kowace jami'a tana tsakanin masu ja uku, gwamnati da kasuwa da manyan malamai. Vincent Tinto, wanda ya shafe rayuwarsa kan dalilin da ke sa ɗalibi ya bar karatu bai gama ba. Duk ayyuka ne masu daraja. Amma idan tasiri shi ne abin da ya taɓa tukunyar malami a Zariya da kujerar ɗalibi a Kampala, to ni a ganina babu ɗaya daga cikinsu da ya kai wancan jadawali.

Ya kamata a san yadda ake lissafin, domin a nan matsalar take. Ana ɗaukar albashin wanda ya gama jami'a, a cire na wanda ya tsaya a sakandare. Abin da ya rage shi ne ribar. Sai a auna ta da abin da aka kashe: kuɗin gwamnati, kuɗin iyaye, da albashin da ɗalibi ya rasa a shekarun da yake aji. To jami'ar Afirka ta wancan zamani gida ce sukutum, da ɗakin kwana da ɗakin cin abinci da asibiti, ɗalibai kaɗan, malamai da yawa daga waje. Dole kuɗin kowane kai ya yi yawa. Albashin da ake aunawa kuma, galibinsa na gwamnati ne, wanda kwamitin gyaran albashi ya yanke, ba kasuwa ba. Sannan abin da ya fi komai muhimmanci bai shiga lissafin ba sam. Likitan dabbobi da ya tare annoba a garken Fulani, ribarsa ba ta tsaya a takardar albashinsa ba. Masanin noma da ya fito da irin dawa mai jure fari a Samaru, manoman da suka girba ne suka ci ribar, shi kuwa albashinsa bai motsa ba. Shi kansa malamin firamaren da ake cewa a fifita, wa zai horar da wanda zai horar da shi? Jadawalin ya auna abin da ke aunuwa cikin sauƙi, ya bar sauran, sai masu karanta shi suka ɗauka sauran babu shi.

Abin da ke ba ni mamaki a duk lokacin da na waiwayi wannan tarihi shi ne, bincike ne ya gina jami'o'inmu tun farko. Kwamitin Eric Ashby, wanda ya miƙa rahotonsa a 1960 dab da samun 'yancin kan Nijeriya, da Kenneth Dike da Shettima Kashim Ibrahim a cikin wakilansa, ya dogara ne da ƙiyasin wani Ba'amurke, Frederick Harbison, na yawan ƙwararrun da sabuwar ƙasa za ta buƙata. A lokacin wannan salon nazari ne ake yayi: a ƙirga injiniyoyi da likitoci da malaman da ake so nan da shekara goma ko ashirin, a gina makarantun da za su yaye su. Daga cikin shawarwarin kwamitin har da kafa jami'a a Arewa da wata a Legas, kuma duka biyun sun buɗe a 1962. Bayan shekara ashirin da 'yan kai yayi ya juya. Masu ƙiyasin ma'aikata suka ja baya, masu lissafin riba suka hau. Buƙatar ƙasa ga likita ba ta ragu ba. Tambayar da masana ke yi ce ta sauya, kasafin kuɗi ya bi ta.

Rahoton Bankin Duniya na 1986 kan ɗaukar nauyin ilimi a ƙasashe masu tasowa, da na 1988 kan ilimi a Afirka, duk sun kafa hujja da wannan lissafi: a rage tallafin jami'a, a sa ɗalibai su biya, a karkatar da kuɗin zuwa firamare. Taron Jomtien da aka yi a Tailan a 1990 kan ilimi ga kowa ya tattara hankalin masu ba da agaji wuri guda. Tsakanin 1985 da 1989, kashi 17 na kuɗin da Bankin ke kashewa a ilimi yana tafiya manyan makarantu ne. Tsakanin 1995 da 1999 ya dawo kashi 7.

Ba zan ɗora wa jadawali laifin komai ba. Farashin mai ya faɗi, shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, gwamnatocin soja kuma ba su taɓa son jami'a mai yawan magana ba. Kuma duk wanda ya san halin da makarantun firamare ke ciki a ƙauyukan Arewa ba zai yi jayayya da cewa suna buƙatar kuɗi ba. Abin da binciken ya yi shi ne ya ba wa sakaci hujja. Ministan da da ma yake neman inda zai yanke, sai ga shi da takarda mai lambobi da tambarin Bankin Duniya, yana iya cewa ba rowa ba ce, ilimi ne ya nuna.

Sawun abin yana nan har yau a ɗakunan karatu na tsofaffin jami'o'inmu. Ka hau benen da ake ajiye mujallun bincike, ka bi kanta da yatsa. Za ka ga kundi-kundi an ɗinke da bango mai kauri, an rubuta shekara a gadon bayansu da ruwan zinare, suna jere ba gibi tun shekarun 1960. Kana isowa tsakiyar shekarun 1980 sai su fara tsallake, shekara guda akwai, biyu babu, daga nan sai katako da ƙura. Kuɗin waje na biyan mujallun ya ƙare. Malamin da ya yi digirinsa na uku a wancan lokaci ya yi shi ne da ilimin da ya tsaya a inda kantar ta tsaya, shi kuma ya koyar da waɗanda ke riƙe da sassa a yau. Masu hanya suka tafi Saudiyya, Amurka, Botswana, daga baya Afirka ta Kudu. Waɗanda suka zauna, wasu suka koma sayar da takardun darasi ga ɗalibai, wasu suka mai da motarsu ta haya.

Malaman ba su yi shiru ba. A 1990 jami'o'in Nijeriya suka yi bore kan rancen dala miliyan 120 da Bankin Duniya ya tanadar wa jami'o'in tarayya bisa sharuɗɗan tsuke bakin aljihu. Yajin aikin ASUU na 1992, ƙarƙashin Attahiru Jega, ya haifar da yarjejeniyar da ta kai ga dokar harajin ilimi ta 1993, kashi 2 na ribar kamfanoni, wanda shi ne tushen TETFund. Wannan dabara daga cikin gida ta fito, kuma yawancin sabbin gine-ginen da ake gani a jami'o'in gwamnati da kuɗinta aka yi su. A Dakar, masanan ƙungiyar bincike ta CODESRIA sun yi ta rubutu kan abin da ake yi wa jami'ar Afirka. Jacob Ade Ajayi da abokan aikinsa biyu sun fitar da tarihin jami'o'in nahiyar a 1996. Daga baya, a 2007, Mahmood Mamdani ya bi diddigin yadda aka mai da Jami'ar Makerere kasuwar kwasa-kwasai, wadda a da ake yabo a matsayin abin koyi. Sun rubuta, amma rubutunsu bai shiga ɗakin da ake raba kuɗi ba.

A 1996 ne wani masani, Paul Bennell, ya yi abin da ya kamata a ce an yi tun da daɗewa. Ya koma ya buɗe binciken kowace ƙasar Afirka da aka tattara aka haɗa jadawalin, ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar da yawansu tsofaffi ne, bayanansu raunana, wasu an cike gibinsu da zato, kuma idan aka ware masu inganci, jerin nan na firamare a sama jami'a a ƙasa ba ya tsayawa da ƙafafunsa. A 2000 wani kwamiti da Bankin Duniya da UNESCO suka kafa, ƙarƙashin Mamphela Ramphele ta Afirka ta Kudu da Henry Rosovsky na Harvard, ya fito fili ya ce lissafin riba ya raina gudummawar jami'a. A 2014 wasu masana biyu na Bankin, Claudio Montenegro da Harry Patrinos, suka auna da sabbin bayanai, suka tarar ribar da mutum ke samu daga karatun jami'a ta fi ta sauran matakai, kuma a Afirka kudu da Sahara ta fi yawa. A shekarar ce Bankin ya fara ba da kuɗin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka, waɗanda Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero ke cikinsu. Gyara ya zo, amma bayan kusan shekara ashirin, kuma malamin da ya tafi a 1989 ya riga ya aurar da 'ya'yansa a can.

Me ya sa jadawalin ya yi rinjaye haka? Gajere ne, lamba ce, ana iya haddace shi a cikin mota kafin a isa taro. Ya fito daga gidan da ke riƙe da jakar kuɗi. Kuma kowane sabon rahoto yana kafa hujja da na baya, na bayan yana kafa hujja da jadawalin, har maimaici ya zama kamar tabbaci. Shekaru aka yi ana ambatonsa kafin a sami wanda ya ɗaga murfin ya leƙa.

Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da yadda muke auna tasirin masani yanzu. Tun da Eugene Garfield ya fito da kundin ƙirga ambato a 1964, har Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'auninsa a 2005, yawan masu ambaton aikinka ya zama shi ne darajarka. Jerin gwanayen jami'o'i na Shanghai da aka fara a 2003, da na Times a 2004, suka ɗora a kai. A yau kwamitin ƙarin girma yana duba shafin malami a Google Scholar kafin ya karanta abin da ya rubuta, in ma ya karanta. Amma ƙirgar ambato tana nuna wanda aka ji ne, ba wanda ya yi daidai ba. Da ita za a bi, da Psacharopoulos ya yi wa Bennell fintinkau. Ga shi kuma manyan mujallun wannan fage a Amurka da Ingila da Turai suke, kuma marubutan Amurka da Ingila da Ostareliya ne suka fi cika su. Matashin malami a Sakkwato ko Yamai da ke son a ambace shi, dole ya ɗauko tambayar da ake yayi a can, jerin gwanaye ko ɗalibai 'yan ƙetare, ya sa mata rigar gida.

Tambayoyinmu kuwa suna nan a ƙofar ofis suna jira. Matasa fiye da miliyan ɗaya da rabi ke zana jarrabawar JAMB kowace shekara, kaso mai yawa ba sa samun gurbi. Ina suke zuwa? Yajin aikin 2022 ya ci wata takwas, bayan na 2020 da ya ci wata tara. 'Yan mata nawa aka yi wa aure a tsakani ba su dawo ba, maza nawa suka shiga kasuwa suka zarce? Yaya ɗalibin da ya taso a tsangaya ko makarantar Islamiyya yake fama da shekarar farko da Turanci? Tun da aka ƙara kuɗin rajista aka kuma kawo rancen ɗalibai a 2024, su wa suka fita, su wa suka shigo?

Amsar galibin waɗannan ba ta buƙatar tallafin dala. Tana cikin fayilolin da ke jibge a ofishin magatakarda da na harkokin ɗalibai na kowace jami'a: takardar shiga, garin da aka fito, sana'ar uba, sakamakon kowane zango, ranar da aka daina ganin suna. Sashen ilimi guda, da malamai uku da ɗaliban digiri na biyu, zai iya ɗaukar 'yan aji ɗaya da suka shiga a 2019 ya bi su mutum-mutum, ya buga waya ga waɗanda suka ɓace, ya rubuta inda kowa ya ƙare. TETFund na da asusun bincike na ƙasa da zai iya ɗaukar nauyin irin wannan a jami'o'i goma lokaci guda, da tambayoyi iri ɗaya, a maimaita duk bayan shekara biyar, a kuma kai sakamakon gaban kwamitin kasafin kuɗi na majalisa kafin a kai shi wata mujalla.