Ɗigon baƙi a allon kwamfuta: wa zai ɗauki asarar a Diffa?

Ɗalibin Jami'ar Diffa da mahaifinsa ya sayar da tattasan da ya noma a bakin kogin Komadugu don ya saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka, ba ya tsammanin ganin wani ɗan ɗigo baƙi a tsakiyar allo kwana biyu da ciniki. Ya goge, ɗigon na nan. Idan ya koma shago, amsar da aka saba bayarwa ita ce kaya in ya fita ba ya dawowa.

Allon kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ne masu haske. Wanda ake kira 1920 x 1080 yana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Idan ɗaya ya mutu, da wuya ya farfaɗo, sai dai a sauya allon gaba ɗaya. Abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanoni ba su ɗauki ɗigo ɗaya a matsayin lahani ba. Tsohon ma'aunin ISO 13406-2, wanda masana'antu suka daɗe suna bi, ya amince wa allo mai daraja ta biyu ya zo da matattun ɗigogi biyu a kowane miliyan. Ke nan allon ɗalibin zai iya samun huɗu, a ce lafiyarsa ƙalau.

Wannan hujja ce ga ɗan kasuwa, amma ba ta wanke shi ba. Galibin kwamfutocin da ake sayarwa a Diffa na hannu ne, sun biyo ta Kano ko Maiduguri, garantin kamfani ya daɗe da ƙarewa. Ko da sabuwa ce, Yamai na nesa da fiye da kilomita 1,300. Wanda ya zo daga Bosso ko N'Guigmi ba shi da inda zai kai kuka sai shagon da ya ƙirga kuɗinsa.

Nijar na da dokar kare masu saye tun watan Mayun 2015, kuma fikihun Malikiyya da malaman yankin ke karantarwa ya bai wa mai saye damar mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsa. Matsalar ita ce ciniki na baki ne, babu rasit.

Ya kamata hukumar kasuwanci ta jihar Diffa ta zauna da masu shaguna a tsayar da abu biyu: a kunna kwamfuta gaban mai saye, a nuna masa allon da fari, baƙi, ja, kore da shuɗi kafin ya biya, sannan a rubuta a rasit kwana nawa yake da su na mayarwa, da adadin ɗigon da za a karɓa. Gwajin ba ya cin minti biyar. Idan aibin ya fito, a rage farashi ko a ba shi wata.