Garin Neman Gira: Kafin Ka Yage Kujerun Tsohuwar Motarka

Mai karatu, duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tayar da tsohuwar mota daga doguwar kwanciya ya san aikin hawa uku ne. A tada inji, a buge jiki a yi fenti, sannan a koma ciki. Biyun farko mutane kan yi su da natsuwa, domin inji ba ya karɓar ƙarya, fenti kuma kowa na gani. To amma da an zo kan ciki, sai ka tarar mai mota ya gaji, aljihu ya yi sanyi, ya buɗe intanet ya zaɓi saitin rigunan kujera mafi ƙyalli, ko ya ce wa mai ɗinkin kujeru, "Malam, kai dai yi mini wanda ya fi kyau." A ganina a nan ake yin ɓarnar da ta fi kowace wuyar gyarawa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, saitin da ya dace da tsohuwar mota shi ne wanda ya fi kama da abin da ta fito da shi daga masana'anta, ko da kuwa bai kai wani kyau ba a idon ɗan yau.

Bari mu ɗauki Volkswagen Beetle misali, tunda tana cikin motocin da aka fi samun saitinsu a shirye a kasuwannin Amurka da Turai. An ƙera fiye da miliyan 21 na wannan mota kafin a rufe aikinta a Puebla ta ƙasar Meziko a 2003. An yi ta a Jamus, an yi ta a Brazil, an kuma harhaɗa ta a Legas tun daga 1975. A waje kamanninta ɗaya ne, har mutum ya ɗauka ko wace kujera za ta shiga ko wace mota. Ba haka abin yake ba. Alal misali, waɗanda aka kai Amurka daga samfurin 1968 sun zo da kujeru masu dogon baya haɗe da majinginar kai, alhali na shekarun baya gajeru ne. Saitin da aka yanka a Kaliforniya bisa awon motar da aka sayar a Amurka ba lallai ba ne ya zauna daidai a kan wadda aka harhaɗa a Legas. Ƙari a kan haka, motar da ta shekara hamsin a hannun mutane daban-daban, wa ya tabbatar maka kujerun da ke cikinta nata ne na asali? Saboda haka kafin ka biya ko sisi, duba lambar shasi ka san shekararta, sannan ka ciro kujerar ka auna ƙarfenta da kanka, ka ƙirga layukan da ke jikin tsohuwar rigar, ka kwatanta da hoton abin da za a aiko maka.

Na biyu, maganar fata da leda. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka fata ita ce ƙarshen daraja, don haka mai kuɗi sai ya lulluɓe cikin Beetle da fata yana ganin ya karrama ta. Alhali wannan motar talaka ce, da yadi ko leda ta fito, wani lokaci ledar mai zane kamar saƙar tabarma, kuma layukan jikinta da zafi aka manne su, ba da zare ba. Ko Mercedes W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa 1986, da yawa daga cikinsu da ledar kamfanin mai suna MB-Tex suka fito, wadda ta yi suna wajen jure rana da shekaru fiye da fatar kanta. Sanya wa irin waɗannan motoci fata mai sheƙi tamkar ka ɗinka wa dattijo kayan samari ne. Kuɗi sun fita, kamala ta tafi. Kayan aro kuwa, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Haka nan launi. Kada ka yarda da abin da allon waya ya nuna maka. Nemi mai sayarwa ya aiko maka da ɗan ƙyalle, ka kai shi gindin kujera inda aka naɗe bakin tsohuwar rigar, wurin da rana ba ta taɓa gani ba, ka haɗa su. Idan ka gamsu, sayi na kujeru da na bangon ƙofofi a lokaci guda daga wuri guda, domin rini na yau da na baɗi ba su cika zuwa daidai ba.

Na uku, kuma shi ne wanda ya shafi rai: abin da ke ƙarƙashin rigar. Saiti mai araha yawanci riguna ne kawai. Amma kujerar tsohuwar Beetle ba soso zalla ba ce irin ta yau. Sifirin ne a ƙasa, sai wata shimfiɗa a kansa da ake kira gashin doki, ko da yake galibi zaren ɓawon kwakwa ne da aka haɗa da roba. Da tsufa sai ta bushe ta riƙa zuba kamar dusa, sifirin ɗin kuma ya saki. To ga inda hatsarin yake: batirin Beetle a ƙarƙashin kujerar baya yake. Idan sifirin ya lotsa, aka rasa murfin da ke kan batirin, mutum mai nauyi ya zauna, ƙarfe na iya taɓa kawunan batirin, tartsatsi ya kama busasshiyar shimfiɗar nan. Wannan sanannen musabbabin gobara ne a wurin masu irin wannan mota. Wanda ya ɗora sabuwar riga a kan ruɓaɓɓen ciki ya yi kwalliya ne a kan gyambo. Saitin kirki shi ne wanda ya zo da sabuwar shimfiɗa da zobban ƙarfen da ake matse rigar da su, mai gyara kuma ya duba sifirin ɗaya bayan ɗaya.

Na san wani zai ce, "Motata ce, kuɗina ne, kuma zafin ƙasarmu ba na Jamus ba ne, leda na ƙona cinya da rana." Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, ban kuma ce a zauna cikin azaba don a burge masu tarihi ba. Amma maganin zafi yana da sauƙi: a ɗora shimfiɗar yadi wadda za a iya cirewa, a nemi inuwa wurin ajiye mota. Abin da za ka iya cirewa gobe ba ɓarna ba ne. Wanda ka yage ka ƙona kuwa ya tafi ke nan har abada.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ya kamata ta zo kafin kowace: shin dole ne ma a canza? Tunanin masu harkar a duniya ya juya sosai. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, wato FIVA, ta fitar da Yarjejeniyar Turin wadda ta fara aiki a 2013, tana jan hankali a kan a kiyaye ainihin kayan mota gwargwadon iko, a kuma rubuta duk canjin da aka yi mata. A 2024 kuma, a shahararriyar gasar Pebble Beach ta Amurka, Bugatti Type 59 ta 1934 ce ta ɗauki babbar lambar yabo, karo na farko da motar da aka bari da tsufanta ta yi hakan. Ashe ke nan tsagewa kaɗan a gefen kujera ba abin kunya ba ne. A wanke, a sake ɗinke inda zare ya saki, a sabunta shimfiɗar ciki, a mayar da tsohuwar rigar. Sau da yawa wannan ya fi sabon saiti daraja, ya kuma fi shi sauƙin kuɗi.

Ba kowace mota ce ake samun saitinta a shirye ba. Mai Peugeot 504 irin wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna daga 1975 zai iya ƙarewa a wurin mai ɗinkin kujeru na unguwa, kuma babu laifi, muna da gwanaye. Sharaɗin kawai shi ne kada a yage tsohuwar rigar da gaggawa. A farke ta a hankali bisa ɗinkinta, domin ita ce ma'aunin da za a yanka sabuwar a kai. Bayan an gama kuma a naɗe ta a ajiye, ta bi motar duk inda ta je. Wanda zai gaje ta ko ya saye ta zai so ya san yadda take tun farko.

Tsohuwar mota amana ce da ta ratso hannaye kafin ta iso naka, kuma da wuya ka zama na ƙarshe. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba, amma a yi hattara, kada garin neman gira a rasa ido. Allah Ya sa mu dace.