Kafin Maƙalin Waya, Tsohon Babur Madubi Yake Buƙata

Tsofaffin babura sun dawo yayi. A TikTok da Instagram ana ta ganin matasa suna fito da Honda Roadmaster da CG 125 da Vespa da suka shekara a jingine a zaure, a wanke su, a yi musu fenti, a ɗauki bidiyo. Da an gama fenti sai a sayo maƙalin waya da wurin caji. Abin da ba a cika gani a bidiyon ba shi ne madubi. Wasu sun cire shi gaba ɗaya wai yana ɓata tsarin babur, wasu kuma sun maƙala ɗan mitsitsi kamar murfin kwalba, wanda ba ya nuna komai sai gwiwar hannun mai tuƙi.

Wannan babban kuskure ne. A duk na'urorin da za a ɗora wa tsohon babur, babu wadda ta kai madubi mai kyau amfani, kuma zaɓensa yana buƙatar irin binciken da matashi ke yi kafin ya sayi sabuwar waya.

Hujjar da masu cire madubi suka fi kawowa ita ce waiwaye ya wadatar. Lissafi bai goyi bayansu ba. Babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Waiwaye ɗaya na daƙiƙa guda yana nufin an yi tafiyar mita 17 ba a ga abin da ke gaba ba, a titin da a-daidaita-sahu ke iya taka birki ba sigina. Ga shi kuma tsohon babur ba ya sauri kamar na zamani, don haka kusan kullum shi ake wucewa. Wanda ake yawan wucewa kuwa ya fi kowa buƙatar sanin abin da ke tafe a bayansa.

Wasu na ganin kyamara ko waya za ta maye gurbin madubi. A shekarar 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone cewa jijjigar injin babur mai ƙarfi na iya lalata sashen kyamarar da ke hana hoto rawa. Allon waya kuma yana dushewa a rana, batir na ƙarewa. Ko Ducati Multistrada V4, wanda ya fito da na'urar rada gaba da baya, a jikin madubi yake kunna fitilar gargaɗi idan mota ta shiga inda ido ba ya kai wa. Masu fasahar ma a kan madubi suka dogara.

Gilashi da girmansa

Madubi iri biyu ne. Shimfiɗaɗɗe yana nuna nisan abu daidai, amma fagen da yake ɗauka kaɗan ne. Mai ɗan doro yana ɗauko fage mai faɗi, sai dai yana sa mota ta zama kamar tana nesa alhali ta matso. Ga babur, mai ɗan doro ya fi, da sharaɗin doron bai yi yawa ba, kuma mai tuƙi ya saba da cewa abin da ya gani ya fi kusa da yadda ya bayyana.

Akwai ma'auni da zai taimaka wa mai saye. Ƙa'ida mai lamba 81 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ƙasashen Turai ke bi, ta ce fuskar madubin babur kada ta gaza murabba'in santimita 69, idan kuma zagayayye ne kada faɗinsa ya gaza milimita 94. Madubin da ya cika wannan sharaɗi yakan zo da harafin E cikin da'ira a jikinsa. Ko babu tambarin, rula kaɗai ta isa ta kori yawancin ƙananan madubin ado da ake tallatawa a intanet. Gilashi na gaskiya ya fi roba mai ƙyalli, domin roba na saurin karcewa da ƙura, tana kuma murguɗa hoto.

Inda ake yawan yin ɓarna

Ramin madubi a yawancin baburan Japan milimita 8 ne ko 10, kuma dole a auna kafin a saya. Akwai tarkon da ya ci mutane da dama: a yawancin baburan Yamaha, madubin dama baibai ake ɗaure shi, wato ta hagu ake juyawa. An yi haka ne don idan wani abu ya buge shi ta gaba ya kwance maimakon ya karye. Wanda bai sani ba, ya sa sifana ya matse madubin da ba nasa ba da ƙarfi, zai cinye ramin. Ramin nan kuwa yawanci a jikin mazaunin hannun birkin gaba yake, wanda alminiyom ne mai saurin tsagewa, kuma samun na asali ga babur mai shekara 40 ba ƙaramin aiki ba ne. Ɗan noti mai sauya girma ko juyi yana magance wannan da kuɗi kaɗan.

Idan babur ba shi da rami kwata-kwata, babu dalilin kai shi wurin mai walda ko huda shi. Akwai maɗauri mai kama ƙarfen da ake riƙewa, wanda a baburan Japan da na Turai kaurinsa milimita 22 ne. Ana ɗaura shi, ana cire shi, babur na nan yadda kamfani ya yi shi. Ga mai tunanin sayarwa wata rana, wannan ma riba ce.

Madubin da ake sawa a ƙarshen hannu, irin salon baburan samarin Landan na shekarun 1960, shi matasa suka fi so. Yana da amfaninsa, domin yana hango bayan gwiwar hannu sosai. Amma yana ƙara wa babur faɗi a cunkoso, shi ne farkon fashewa idan babur ya faɗi, kuma a ɓangaren dama sai an yanke ƙarshen robar totur. Idan aikin bai yi kyau ba, totur na iya maƙalewa ya ƙi komawa. Duk wanda ya sa irinsa, ya murɗa totur ya saki sau da dama kafin ya tada inji. Wanda ake juyawa ƙasa da hannu don ado kuwa yana tilasta wa mai tuƙi sunkuyar da kai, ya kawar da ido daga titi.

Jijjiga da saiti

Ƙorafin da ke da gaskiya a cikinsa shi ne jijjiga. Inji mai silinda ɗaya, irin na CG 125 da Honda ta fara fitarwa a 1975, yana girgiza madubi har hoto ya zama dishi-dishi. Maganinsa bai kai ga cirewa ba. Ƙafar madubi mai kauri da ba ta wuce buƙata a tsawo ba tana rage rawa, haka ma washar roba a gindinta. Idan abin ya ci gaba, bakanike ya duba notinan da ke riƙe da inji, don sau da yawa daga can matsalar take.

Saiti kuma a zaune ake yinsa, babur a miƙe, hannu biyu a inda suke yayin tuƙi. A fara juya ƙafar madubin ta fita waje da kafaɗa, a matse noti, sannan a gyara kan. Gwiwar hannu ta bayyana kaɗan a gefen ciki, sauran fuskar duk titi ne. Biyu ya kamata a sa, amma na hagu ya fi muhimmanci a Najeriya, wadda ta koma bin hannun dama a 1972, haka ma a Nijar, tunda ta hagu ake wucewa. Duk da haka akwai kusurwar da madubi ba ya kamawa, don haka ɗan gajeren waiwaye kafin kwana ko sauya layi yana nan daram.

Matashin da ya kashe kuɗi ya farfaɗo da babur ɗin mahaifinsa ya yi abin yabo. Sai dai fenti da maƙalin waya ba sa faɗa masa cewa tirela ta taso a baya. Kuɗin madubi biyu masu kyau ba su kai na gyaran fasasshen allon babbar waya ba, kuma su ya kamata su zama farko a jerin sayayya.